Mota a tsaye, kwamfutarta na rantsuwa tana juyawa: wata bakwai da na'urar duba ABS

Abu ɗaya ya sa na sayi wannan na'ura: fitilar nan mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta ta kama a allon gabana ta ƙi mutuwa. Na'urar irin ta hannu ce, allonta ya ɗan fi na waya girma, tana da igiya da ake jonawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. A jikin kwalinta an rubuta cewa tana shiga inji da giya da ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki) da jakar iska, kuma tana saita sensa, wato ƙananan na'urorin awo da ke kai wa kwamfutar mota rahoto. Wata bakwai ke nan tana hannuna, na gwada ta a motoci huɗu, don haka yanzu ina da bakin magana a kanta.

Ni ba makanike ba ne. Ina canza fulogi da fiyus da batir, ina da ƙaramar mita ta awon wuta, iyakar ilimina ke nan kafin wannan fitila ta sa ni karatun dole.

Ba da kamawa dindindin ta fara ba. Wata rana ina shan wata kwana mai faɗi, titi busasshe ƙarau, gudu bai wuce kilomita 50 ba, sai na ji gurnani daga gaba, motar ta ɗan fizge kamar an riƙo mata ƙafa ɗaya, na taka totur ya yi sanyi na kusan sakan biyu, fitilar na ta ƙyaftawa. Gabana ya faɗi. Ƙyaftawa na nufin tsarin hana sulalewa yana aiki, wato motar ta ga kanta cikin santsi ta kai wa kanta ɗauki. To ina santsin? Bayan kwana uku abin ya maimaita, sannan fitilar ta zauna daram. Zamanta kuwa na nufin tsarin ya kashe kansa: birki na nan yana kamawa, amma babu mai tallafa maka ranar da mota za ta sulale da gaske.

Wanda na fara kai wa ya leƙa allon, ya buɗe bonet, ya ce, "Yallaɓai, famfon ABS ne, sai dai a canza shi gaba ɗaya." Na ce, "Malam, ka saka mata kwamfuta?" Ya ce ai wannan ba sai an saka ba. Na yi masa godiya na ja motata. Ina da wata 'yar ƙaramar na'ura da ake haɗawa da waya, na jona ta, manhajar ta ce babu matsala ko ɗaya. Ba ƙarya ta yi ba, iya ganinta ke nan. Abin da doka ta tilasta wa kamfanoni su buɗe wa kowa ta wannan soket, tun 1996 a Amurka, shi ne abin da ya shafi inji da hayaƙi. Kwamfutar birki kuwa kowane kamfani da yaren da yake magana da ita, kuma wannan yaren ne ainihin abin da kake saya idan ka sayi na'ura irin wadda nake magana a kai.

Sai ka san abin da motar ke yi kafin alƙaluman allon su yi maka ma'ana. Tsarin hana sulalewa tambayoyi biyu yake yi ba dare ba rana: ina direba yake son zuwa, kuma ina motar ta dosa a zahiri? Amsar farko daga sensar sitiyari take zuwa, haɗe da gudun da sensa huɗu na tayoyi ke bayarwa. Amsa ta biyu daga wasu sensa biyu ne da yawanci ke zaune a akwati ɗaya. Ɗaya tana auna yadda motar ke juyawa a kan cibiyarta, digiri nawa a sakan. Ɗayar tana auna ƙarfin da ke tura ka gefe idan an sha kwana. Idan amsoshin suka saɓa, sai kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi ta kama birkin taya ɗaya tak. Gaba ya ƙi shan kwana ya zarce, tayar baya ta cikin kwanar za ta kama. Baya ya watsa waje, sai ta kama tayar gaba ta waje. Direba feda ɗaya gare shi, ba zai taɓa iya wannan ba.

Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da wannan tsari a 1995 da sunan ESP, a shekarar ce kuma Toyota ta fito da nata, VSC. Honda na kiransa VSA, BMW DSC, Nissan VDC, General Motors StabiliTrak. Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Na kawo sunayen ne saboda a jerin na'urar ba za ka ga an rubuta "hana sulalewa" ba. ABS za ka shiga, ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, gwargwadon motarka.

Ranar farko na'urar ta ba ni haushi kafin ta ba ni amsa. Sai da ta ci fiye da awa ɗaya tana sabunta kanta ta intanet. Da na jona ta, ta kasa karanto lambar shasi da kanta, sai da na buga haruffa da lambobi 17 ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Kada ka yi ƙyuya a nan ka zaɓi mota mai kama da taka. Lambobin matsala suna farawa da harafi: P na inji da giya, C na ƙafafu da birki, B na bodi, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin mota. Idan 0 ya biyo bayan harafin, ma'anar ɗaya ce a ko'ina. Idan 1 ne, kowane kamfani da tasa fassarar. Ka zaɓi motar da ba taka ba, sai na'ura ta karanta lamba daidai ta fassara maka ita a karkace.

Lambobi biyu ta fito min da su. Ɗaya U0123, wato kwamfutar birki ta taɓa rasa jin ɗuriyar sensar juyi. Ɗayar mai farawa da C1 ce, fassararta cewa siginar sensar ba ta dace da sauran ba. A nan na yi wautata ta farko, kuma rabin laifin na ɗora wa wanda ya tsara allon: maɓallin gogewa yana manne da na karantawa, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Na danna, lambobin suka tafi, tare da bayanin da motar ta ajiye na lokacin da abin ya faru, gudu nawa ake yi, wutar batir nawa ce. Fitila ta mutu, na yi murna ta minti goma, ta dawo. Tun daga ranar, hoton allo nake fara ɗauka da waya kafin in taɓa komai.

Inda na'urar ta biya ni shi ne shafin da ke nuna abin da kowace sensa ke faɗa a daidai lokacin. Na sa ƙanena ya tuƙa, ni ina gefe da ita a cinya. A kilomita 30, tayoyi huɗu duk suka nuna 30, a kwana na waje suka ɗan ɗara na ciki, yadda ya kamata. Sitiyari a miƙe ya nuna kusan sifili, aka murɗa dama lamba ta hau, aka murɗa hagu ta sauka, babu tsalle. Makunnin fitilar birki yana amsawa duk takawa. Muka tsaya, aka ja birkin hannu, na gangara zuwa layin juyi.

Shida. Biyar. Bakwai. Shida.

Mota a tsaye cik, amma a ganinta tana juyawa digiri 6 a kowane sakan. Ka lissafa: 6 sau 60, digiri 360 ke nan. Wato duk minti ɗaya ta yi imani ta zagaya kanta sau ɗaya. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, ashe motar taka hajijiya take fama da ita." Bai yi kuskure ba. Da wannan ƙarya a kunnenta, duk kwanar da ta yi daidai da ɓangaren ƙaryar sai ta ga kamar baya ya watsa.

Akwai gwajin da na fi so, kuma ba ya buƙatar komai sai fili da agogo. Ka murɗa sitiyari ka riƙe, ka yi ta zagaye a hankali da gudu ɗaya, wani ya ƙirga sakan nawa zagaye ɗaya ke ci. Namu 12 ne, to 360 a raba 12, ya kamata a ga 30. Da muka zaga ta wani ɓangaren ta nuna 36, ta ɗayan 24. Shidan nan ce ke bin ta duk inda ta je. Allon yana zana wannan a layi mai hawa da sauka, abin sha'awa, sai dai layi biyu kawai yake iya zanawa a lokaci guda, alhali ina son ganin sitiyari da juyi da turin gefe tare. A rana kuma sai ka yi masa inuwa da hannu kafin ka ga rubutu.

To ina sensar take? A nan na'urar ta yi gum. Ba hoto, ba taswira, ba ko layi ɗaya. Ta gaya maka wane ne maƙaryacin amma ba ta san gidansa ba, kuma wannan ne babban giɓinta a wurina.

Hankali dai ya ce a tsakiyar mota za a ajiye ta, kusa da inda nauyi ya daidaita, a ɗaure da ƙarfen bodi kai tsaye. Shi ya sa ake yawan samun ta a ƙarƙashin robar da ke tsakanin kujerun gaba, kusa da sandar giya ko birkin hannu, ko a ƙarƙashin kujerar direba ko ta mai zaman gefe. A wasu motocin tana ƙasan kujerar baya, ko a but, ko can bayan allon gaba. A motoci da yawa na baya-bayan nan kuma babu wani akwati daban da za ka nema: an cusa ta cikin kwamfutar ABS ko cikin ta jakar iska. Mutum zai iya kwance rabin mota yana neman abin da ba a saka ba.

Mu ma da tsakiya muka fara. Muka cire robar, sai ga akwatin ƙarfe ɗaure da ƙasa da notuna. Ƙanena ya kai hannu yana cewa, "Yaya, ga ta nan." Na buge hannun. Soket ɗinsa rawaya ne, kuma rawaya a wayoyin mota alamar jakar iska ce. Ba a cire shi da wuta a jiki, ba a zura masa mita. Muka mayar da robar, na koma na nemo zanen kayan gyara na motar da lambar shasi, abin da ya kamata in yi tun farko. Zanen ya nuna ta a ƙarƙashin kujerar mai zaman gefe, ƙasan kafet.

Na kashe mota, na cire kan batir na baƙar waya, na jira mintuna, domin ƙarƙashin kujerar ma akwai soket mai rawaya. Notuna huɗu, kujera ta kwanta baya. Saman kafet a bushe yake, amma da na ɗaga na danna soson da ke ƙasa, ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsuna, da wani warin gumi da na daɗe ina ɗora wa takalman yara laifinsa. Ga ta nan a tsakiyar danshin: baƙin akwati da bai fi akwatin ashana biyu ba, notuna biyu, kibiya a samansa tana kallon gaba. Na zare soket, biyu daga cikin ƙarafunansa sun yi kore shar kamar tsohon kwabo. Ruwa ba ya tsami banza. Bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota ne ya toshe, ruwan da ya kamata ya ɗiga ƙasa yana gangarowa ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Tawa mai waya huɗu ce: wuta, ƙasa, da tagwayen wayoyin sadarwa da ake kira CAN. Bayan na wanke soket da maganin wanke wayoyi ya bushe, na mayar da batir na kunna makulli, mita ta nuna volt 12 da ɗoriya a wayar wuta, tagwayen kuma ɗaya 2.6 ɗaya 2.4, abin da ake sa ran gani ke nan. Tsofaffin sensa da ba sa magana ta CAN volt 5 ake ba su, kuma idan mota na tsaye siginarsu na zama wajen 2.5, don haka su ko da mita kaɗai ana iya kama su. Na kuma kwance notunan na riƙe ta a tafin hannu da igiyarta a jone: na juya ta hagu lamba ta motsa, dama ta koma ɗaya ɓangaren, na kwantar da ita a gefenta awon turin gefe ya haura kusan 9.8, wato nauyin jan ƙasa. Ba ta mutu ba ke nan. A cikinta wani ɗan mitsitsin silikon ne ke karkarwa ba tsayawa, juyawar mota na karkatar da karkarwar, a auna karkatar. Abu mai laushi haka ba ya son ruwa, ba ya son faɗuwa ƙasa.

U0123 ba ta sake dawowa ba, soket ne ya kawo ta. Amma shidan na nan, ta ɗan sauka zuwa 4. Sai na ce bari in saita mata sifili, wato a koya wa kwamfuta cewa wannan shi ne tsayuwa. Neman wurin ya ci min lokaci, domin ba a cikin shafin saiti na gaba yake ba, yana binne cikin ABS, ƙarƙashin wani suna da aka fassara da Turancin da sai ka karanta sau uku. Karon farko ya ƙi, na'urar ta ce "an kasa" ba ta ƙara ko harafi ba. Na aza ma'aunin magina mai kumfa a ƙasan motar, ashe inda na tsaya akwai gangara. Na matsa wuri mai daidai. Karo na biyu ya ƙi, na ɗago kai sai ga ƙanena jingine da ƙofar baya yana danna waya. "Kai, tashi daga jikin motar nan!" Karo na uku, tayoyi a miƙe, iskarsu daidai, ƙofofi a rufe, babu mai numfashi da ƙarfi, cikin 'yan sakanni ta ce an gama. Layin juyi ya koma 0. Da na'urar ta lissafo waɗannan sharuɗɗa kafin a fara, ko ta faɗi dalilin kasawa, da ta rage min rabin yini.

Kwana biyu na yi ina yabon kaina. A na uku na jona ta haka kawai, sai na ga 2, can 3, can ta koma ƙasa da sifili. Saiti yana gyara kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ke yawo kuwa, duk inda ka kafa masa sifili zai tashi ya bar wurin. Ruwa ya riga ya shiga cikinta. Ba don na duba ba, da fitila a mace zan yi ta yawo har sai motar ta sake fizgewa a kwana. Wannan dubawa ta biyu kaɗai ta isa in ce ban yi asarar sayen na'urar ba.

Na nemo wata da lambar da ke jikin tsohuwar, harafi da harafi, domin akwatuna masu kama ɗaya suna iya bambanta a ciki. Kibiya ta kalli gaba. Idan ka juya ta baya, awon juyi ba zai canza ba amma na turin gefe zai koma baibai, dama ta zama hagu. Idan ka kife ta, juyin ma ya birkice. Notuna biyun su ɗauru sosai a kan ƙarfe tsirara, kada soso ko kafet ya shiga tsakani. Na buɗe bututun ruwan, na bar kafet a ɗage kwana biyu ya sha iska, na sake saiti, na koma fili. Zagaye ɗaya sakan 12: hagu 30, dama 30. Famfon ABS da aka yanke wa hukunci yana nan yana aikinsa.

Sauran motoci ukun su suka nuna min iyakarta. Ta maƙwabcina fitila ta kama mata washegarin da aka yi mata alaimen; sitiyari a miƙe amma sensa na nuna digiri 14, minti biyu na saiti suka kashe maganar. Ta wani abokin aikina ba sensar juyi ba ce ma sam: yana taka birki, layin makunnin fitilar birki bai motsa ba, ɗan makunnin da ke saman feda ne ya ƙone. Fitila iri ɗaya, cuta uku daban, kuma akwai wasu da ban ci karo da su ba tukuna, irin su batir mai rauni, taya ɗaya da girmanta ya bambanta da sauran, ko boris da ya lalata siginar gudun taya. A ta huɗun kuwa, tsohuwar mota ce, na'urar ta karanta lambobi ta nuna alƙaluma, amma shafin saiti babu shi kwata-kwata, duk da alkawarin da ke jikin kwali. Kafin ka saya, ka shiga jerin motocin da kamfanin ya ce tana ɗauka, ka nemi samfurinka da shekararsa, ka tabbata an ambaci saitin sensar juyi da na sitiyari daban-daban, domin wasu na'urorin na sitiyari kaɗai suke yi.

Wanda burinsa ya goge fitila ya ci gaba da tafiya, wannan ta yi masa yawa, kuma fitilar za ta dawo. Wanda zai iya zama ya kalli lambobi suna motsi, ya yi ɗan lissafi, ya nemi zanen motarsa a wani wuri, ya durƙusa ya ɗaga kafet, zan ce ya saya. Igiyarta gajeriya ce, ba ta kai wa kujerar baya, jakarta kuma zif ɗinta ya ɓalle a wata na biyu. Tawa yanzu a cikin akwatin gaban mota take kwana, a naɗe da tsohon tawul, kuma duk ƙarshen wata nakan jona ta in duba layin juyi, sannan in zura hannu ƙarƙashin kujerar gefe in taɓa soson.